Motar da Ta Riga Ƙararta Isowa

Jawabin da ɗaya daga cikin yayyenmu, bakanike, ya gabatar a zaman matasa na bikin ƙungiya a Madarunfa



Iyayenmu da malamanmu da ke zaune a gaba, shugabannin ƙungiya, ƙannena maza da mata, ina gaishe ku da fatan kowa ya zo lafiya. Allah ya saka wa waɗanda suka shirya wanga zama da alheri, ya ƙara wa ƙungiya albarka da tsawon kwana.

Ranar da shugaban matasa ya same ni a gareji ya ce in zo in yi magana, na ce masa ni fa ba malami ba ne, hannuna bai rabuwa da baƙin mai. Ya ce ai shi ya sa ya zo wurina. Ya ce yaran nan ba su da wata hira sai ta moto: wa ya fi wa gudu, wa ya isa Maraɗi cikin minti nawa. Na ce to shi ke nan, tunda gudu suke so, zan yi musu zancen gudun da babu kamarsa a doron ƙasa. Ku ba ni kunnuwanku, daga ƙarshe za mu komo gida.

Ranar 15 ga watan Oktoba na shekarar 1997, a wani busasshen fili da ake kira Black Rock, cikin jihar Nevada ta Amurka, wani matuƙin jirgin yaƙi ɗan Ingila mai suna Andy Green ya tuƙa wata mota da ake ce wa ThrustSSC. Gudun da aka rubuta masa a ranar ya kai kilomita 1,228 a awa ɗaya. Wato mita 341 cikin daƙiƙa guda, filin ƙwallo uku kafin ka ƙifta ido ka buɗe. Daga nan inda muke zuwa Maraɗi, minti ɗaya da ƴan daƙiƙu. Har yau ɗin nan babu wata mota da ta karya wanga tarihi.

Kun san idan mace tana daka a can nesa, kana ganin taɓarya ta sauka kafin ka ji ƙarar. Dalili shi ne ƙara ita ma tafiya take, tana cin wajen mita 340 a daƙiƙa. To wagga mota ta fi ƙararta gudu. Wanda ke tsaye a gefe sai ya ga ta wuce shiru, daga baya tsawa ta biyo. Mutanen ƙauyen Gerlach da ke kusa da filin sun ji tsawar a cikin gidajensu. Ita ce mota ta farko da aka tabbatar a hukumance ta yi hakan, shekara hamsin da kwana ɗaya bayan jirgin sama ya fara yi a 1947.

Abin ya fara ne tun da daɗewa. A ƙarshen shekarar 1898, a Faransa, aka rubuta tarihi na farko: kilomita 63 a awa, da mota mai batir. Kun ji fa, gudun da kabu-kabu ke yi yau ba tare da an lura ba. A watan Afrilu na 1899 wani ɗan Beljiyom, Camille Jenatzy, ya zarce kilomita 100. Daga nan aka yi ta hawa sannu a hankali, shekara kusan ɗari, kafin a kai inda Andy Green ya kai.

Kuma akwai doka. Ba a karɓar baki. Hukumar wasannin mota ta duniya, FIA, ita ke turo masu agogo. Sai ka bi ta kan tazarar da aka auna, ka juyo, ka sake binta ta ɗaya ɓangaren cikin awa ɗaya, sannan a haɗa gudun biyu a raba. An yi haka ne don kada wani ya ce iska ce ta tura ka. Ku riƙe wagga doka ta awa ɗaya, za mu dawo kanta.

Yanzu bari in buɗe muku bonet, irin namu na makanikai. ThrustSSC tsawonta mita 16 da rabi, nauyinta ya haura tan goma. Injuna biyu gare ta, na kamfanin Rolls-Royce, irin waɗanda ake sa wa jirgin yaƙi samfurin Phantom. Ƙarfinsu ya wuce na doki dubu ɗari. Mai kuwa, lita 18 take sha kowace daƙiƙa. Jarkar nan mai lita 25 ba ta kai mata daƙiƙa biyu. Da yawanku yanzu kuna cewa a ranku: ai shi ke nan, babban inji ne sirrin. Ni kuma ina gaya muku inji shi ne mafi sauƙi a cikin aikin, don an riga an ƙera shi, sayowa aka yi. Wahalar tana wurare uku.

Na farko iska. Wanda ya taɓa fitar da hannu ta tagar mota ya san iska tana da ƙarfi. Lissafinta shi ne: in ka ninka gudu sau biyu, turawar iska sau huɗu take ninkuwa. A gudun da ya kai na ƙara, iska ba ta samun lokacin kaucewa, sai ta dunƙule a gaban mota kamar bango. In hancin motar ya ɗaga ko da ɗan kaɗan, iska ta shiga ƙarƙashi, motar tan goma sai ta tashi sama kamar leda. In ya duƙa da yawa, sai ta yi huɗa a ƙasa kamar garma. Tsakanin tashi da nutsewa akwai ƴar siririyar hanya, ita ake nema.

Wanda ya nemo ta wani dattijo ne mai suna Ron Ayers, wanda ya riga ya yi ritaya daga aikin makamai masu linzami. Yadda ya yi aikin shi ne abin lura. An yi masa lissafin iskar a kwamfuta a Jami'ar Swansea. Bai ce kwamfuta ta faɗa, a tafi ba. Ya sa aka ƙera ƙaramin samfurin motar, aka ɗaura shi a kan roka, aka harba a kan dogo a Pendine, aka auna matsin iskar da na'urori. Sai da ya ga amsar kwamfuta da amsar gwaji sun zo daidai, sannan ya yarda a sa mutum a ciki. Shaida biyu ya nema kafin ya yanke hukunci, don ran ɗan wani ne a hannunsa.

Na biyu taya. Tayar roba ba ta iya wanga gudu, tsinkewa za ta yi ta watse. Saboda haka tayoyin zallan alminiyom ne, ɗan uwan wanda maƙeranmu ke narkawa su zuba tukwane, sai dai nasu an sarrafa shi da tsananin kula. Kuma saboda manyan injunan sun cinye wuri a gaba, tayoyin baya ne ke juya motar. Mutane da yawa suka ce hauka ne. Injiniya Glynne Bowsher, mai dabarar, bai tsaya gardama ba. Suka samo ƙaramar tsohuwar mota samfurin Mini, suka sake mata ƙafafun baya, suka gwada har suka gamsu. Gwaji a kan abu mai araha kafin a taɓa mai tsada.

Na uku tsayawa, kuma shi ne babba. Birkin taya ba ya amfani a irin wanga gudu. Sai an kashe wuta, an saki lema a baya ta kama iska, gudu ya ragu sosai, sannan a taka birki. Kun tuna dokar awa ɗaya? Ranar 13 ga Oktoba, kwana biyu kafin ranar tarihi, Andy Green ya zarce gudun ƙara. Amma a tafiyar farko motar ta wuce wurin da aka shirya mata ta tsaya, aka ɓata lokaci wajen juyo da ita. Da ya dawo, awa ɗaya ta cika da abin da bai kai minti ɗaya ba. Masu agogo suka ce ba a rubutawa. Duk ƙarfin doki dubu ɗari bai hana su komawa masauki hannu biyu ba, saboda ba su tsaya inda ya kamata ba.

Kada kuma ku ɗauka an shiga an taka wuta ne rana ɗaya. Sun fara gwaji a hamadar Jafar ta ƙasar Jodan a 1996, ruwan sama ya malale filin ya kore su. Suka koma a 1997, sannan suka wuce Amurka. Sama da sau sittin aka tuƙa motar, kowace tafiya a ƙara gudu kaɗan, a dawo a duba abin da na'urori suka rubuta. In wani abu bai yi daidai da lissafi ba, a dakata sai an gane dalili. Shi kansa matuƙin lissafi ya karanta a Jami'ar Oxford. Mutumin da ya fi kowa gudu a ƙasa ba ɗan ganganci ba ne, mai bin ƙa'ida ne.

Bari in kawo ku nahiyarmu. A shekarar 2008 su Richard Noble, wanda ya jagoranci aikin ThrustSSC, suka sanar da sabuwar mota mai suna Bloodhound, da burin zarce kilomita 1,600 a awa. Suka bincika duniya neman fili, suka zaɓi Hakskeen Pan, a arewa maso yammacin Afirka ta Kudu. Ku tuno bakin tabkinmu da rani, inda ruwa ya janye laka ta bushe ta yi sumul. To haka yake, amma shimfiɗe na kilomitoci. Matsala guda: duwatsu. An tsara tayar Bloodhound ta juya sau dubu goma a minti ɗaya, yadda kilo guda na sukari da za a liƙa a bakinta zai ja kamar tan hamsin. Tsakuwa ɗaya a irin wanga yanayi harsashi ce.

Su wa suka gyara filin? Talakawan yankin, mutum sama da 300. Da hannu suka tsince duwatsu, wajen tan dubu 16, shekara da shekaru, a cikin rana. A watan Nuwamba na 2019 Andy Green ya tuƙa Bloodhound a kan filin da suka share, ta kai kilomita 1,010 a awa. Duniya ta ga hoton mota da matuƙi. Amma ba don masu tsintar dutse ba, da injiniyoyi ba su yarda a tada inji ba. Iyayenmu na cewa mai haƙuri shi ke dafa dutse. Waɗannan ba su dafa ba, tsincewa suka yi, kuma aikinsu yana cikin kowane kilomita da motar ta ci.

Ba kowane labari ke ƙarewa da tafi ba. Bloodhound ba ta kai ga burinta ba, kuɗi suka ƙare, yanzu tana ajiye a gidan tarihin motoci na birnin Coventry tare da yayarta ThrustSSC. A watan Agusta na 2019 kuma wata Ba'amurkiya, Jessi Combs, ta rasu a hamadar Alvord tana neman tarihin gudu na mata. Binciken da aka yi ya nuna tayar gaba ce ta lalace, kuma ana kyautata zaton wani abu ta buga a kan filin. Kun ga dalilin tsintar tsakuwa.

Wani zai ce wannan duk aikin Turawa ne, ina ruwanmu. To ga namu. Jelani Aliyu, Basakkwace, ya karanta zanen gine-gine a Birnin Kebbi, ya tafi Detroit ya koyi zanen mota, ya shiga kamfanin General Motors a 1994. Shi ya zana siffar samfurin farko na Chevrolet Volt, mota mai aiki da lantarki, wadda aka nuna wa duniya a 2007. A 2017 Najeriya ta ba shi shugabancin hukumarta ta bunƙasa ƙera motoci. Abin da nake so ku lura da shi: kafin Volt ta shiga kasuwa sai da aka kai ta ɗakin gwajin iska, aka sake mata siffa don ta rage cin wuta. Zane komai kyansa sai ya bi ta kan ma'auni.

Ga kuma Mubarak Muhammad Abdullahi na Kano. A 2007, yana ɗalibin kimiyya a Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen motoci da babura, injinsa na Honda Civic, har ya ɗaga sama da ƙasa wajen mita biyu. Kaifin kai akwai shi a ƙasar Hausa, wallahi akwai. Ku je kowane layin makanikai a Maraɗi ku ga yadda yaro ke tada injin da wasu ƙasashe da tuni an jefar. Abin da ke raba mita biyu da sararin sama shi ne lissafi, da awo, da rubuta sakamako, da mutanen da za su tsaya tare da kai shekara da shekaru. Waɗannan kuwa koyonsu ake yi, ba gado ba ne.

Ni kaina da wuya na koye su. Ina yaron gareji, wata rana maigidana ya ce in mayar da tayar wata mota. Abokaina suna jira mu je cin abinci. Na ɗaura notuna da hannu, na ce in na dawo zan matse da sifana. Na manta. Mai mota ya zo ya ɗauka. Allah ya kiyaye, bai yi nisa ba ya ji ƙafa na rawa ya tsaya, da iyalinsa a ciki. Maigidana bai dake ni ba, da ma dukan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya kai ni gaban mutumin ya ce in ƙirga yaran da ke cikin motar da ƙarfi. Na ƙirga, huɗu. Ya ce to noti huɗu ka bari. Tun ranar ban sake sakin mota ba sai na zagaye ta da sifana, ko da ni na ɗaura da kaina minti biyar da suka wuce.

Yanzu mu komo kan hanyarmu, ta Maraɗi da ta Ɗan Isa. A cikin wanga taro ban jin akwai wanda bai taɓa zuwa gaisuwar rasuwar saurayin da moto ya yi ajalinsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29 a duniya. Lissafin da Ron Ayers ya yi aiki da shi, shi ne dai ke aiki a kan motonka. In kana tafiya kilomita 60 a awa, mita 17 kake ci kowace daƙiƙa. Kafin ido ya ga akuya, kai ya gane, hannu ya kama birki, wajen daƙiƙa guda ta wuce, mita 17 sun tafi ba ka rage komai ba. In ka ninka gudu, tazarar da birki ke buƙata sau huɗu take ninkuwa. Karo a kilomita 30 kamar faɗowa ne daga mita uku da rabi. A kilomita 60 kamar faɗowa ne daga mita 14, bene mai hawa huɗu. A kilomita 90 ya zarce mita 30.

Andy Green yana da filin da aka share masa, da lema, da hular kwano, da ƴan kwana-kwana a tsaye, kuma babu kowa a gabansa. Kai me gare ka? Amalanke ba fitila, yashi a kan kwana, yaro ya biyo ƙwallo, ga wata baiwar Allah da goyo a bayanka wadda ta biya ka kuɗi don ka kai ta gida. Ka yi wa Allah ka gaya mini, wane ne jarumi a cikinku?

Ba na zo in ce ku daina son inji ba. Ni ma son inji ya kawo ni inda nake, da shi nake ci da iyalina. Abubuwa uku nake roƙo.

Ɗaya, masu moto: kowace safiya kafin ka tada, duba birki, duba iskar taya, duba sarƙa, duba fitila. Minti biyu ne. Ka sa hular kwano ka ɗaure igiyarta, ko abokai za su yi dariya. Ita ce tsintar tsakuwarka.

Biyu, ƴan koyo a gareji da wajen walda da wajen masu gyaran famfon ban ruwa: kada ku gudu daga hannun maigida don kun iya kwance kabureta. Ku sayi ƙaramin littafi, ku riƙa rubuta abin da ya lalace, da abin da kuka yi, da abin da ya biyo baya. Bayan shekara ɗaya ku karanta, za ku ga kun fi wanda ya dogara da ƙwaƙwalwa kawai. Ni na ɗauki alkawari a gaban iyayenmu: duk Asabar da la'asar ƙofar garejina a buɗe take ga mai son koyon awo da karanta zanen inji, kyauta. Ina roƙon ƙungiya ta rubuta sunayen masu so.

Uku, ƴan lakwal, maza da mata: kada ku tsani lissafi. Ga lise ta fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, duk tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga nan. Ƙannena mata, da ku nake musamman, don ma'auni bai san namiji ko mace ba. Wataƙila babu ɗayanmu da zai ƙera motar da za ta riga ƙararta. Amma garin nan yana buƙatar famfon da bai mutuwa tsakiyar rani, da injin niƙa da bai cin hannun yaro, da motar da za ta kai mai naƙuda asibiti ta dawo. Duk aiki ɗaya ne, kuma hali ɗaya yake nema.

In na yi kuskure a gaban malamaina, a gafarce ni, bakanike ne ya riƙe makirfo. Allah ya tsare mu a kan hanya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa albarka a hannuwanku. Wanda ya zo da moto, don Allah ya koma gida a hankali.